Shari'ar Sufeto Mai Malafa

Ranar nan ina zaune a shagon Nasiru, ɗan yayana Ummaru, nan bakin tashar Boɗinga inda yake tura wa mutane fina-finai a waya, sai na ji wani abokinsa yana cewa fassarar fim ai ba sana'a ba ce, surutu ne kawai, duk mai baki zai iya. Ban tanka masa ba, don a lokacin bakina cike yake da goro. Amma maganar ta biyo ni har gida, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda abin yake, ku samarin da kuka buɗe ido kuka tarar da fim a cikin aljihu. Sunana Bello, amma daga Boɗinga har Shagari in ba ka ce Bello Lasifika ba, babu mai nuna maka gidana. Da wannan surutun na ci tuwo tun gemuna bai fito ba har ya yi fari.

Aikin farko da maigidana Malam Dikko ya ba ni shi ne naɗe waya. Shi tsohon ma'aikacin majigi ne, daga baya ya sayi talabijin da bidiyo yana bin kasuwanni. Wayar janareta doguwa ce ƙwarai, domin dole a kai injin can bayan katanga, in ba haka ba ƙararsa ta haɗiye muryar mai fassara. Na daɗe ina naɗe waya ina warwarewa kafin ya yarda in taɓa bidiyo. Daga nan ya koya mini goge kan injin da farar takarda da ɗigon fetur, da liƙe zaren kaset da jan farce in ya tsinke, da sa wa abin magana safa don kada yawu ya riƙa fashewa a kunnen jama'a. Mu da rana muke nuna fim, ranar kasuwa, a rumfar zana da aka lulluɓe da tamfol don a sami duhu. Wanda bai taɓa yin magana daga azahar zuwa magariba a cikin wannan zafin ba, kada ya gaya mini komai game da surutu. Citta da kanumfari ba sa rabuwa da aljihuna har yau.

Ranar da ya fara gwada ni, ina ta ɗoki, don ina da ɗan Turancina na firamare kuma ina ji da shi. Sai ya sa kaset, ya kashe sautin talabijin ɗungurum, ya miƙo mini abin magana.

Na ce, "Malam, ai ban jin mi suka hwaɗi."

Ya ce, "Su waɗanda za su biya su shigo, suna ji? Turancinka aje shi ƙohwa wurin takalma. Ido aka hwara aiki da shi, kunne daga baya."

Haka na yi ta fassara fim babu sauti har na iya gane mai ƙarya daga yadda yake riƙe kofi. Sannan ya koya mini sauran. Kana da murya ɗaya amma za ka raba ta ga tsoho da yarinya da ɓarawo. Ba ka magana a kan naushi, ka bari ya sauka tukuna. Ba ka riga jama'a dariya. Sunayen Turawa da na Indiyawa ba sa zama a kan mutanenmu, saboda haka kai za ka raɗa wa kowa suna tun shigowarsa, kuma in ka raɗa kada ka manta. In jarumi ya matso kusa da jaruma fiye da kima, akwai faifai rataye a gefen talabijin, sai ka rufe gilashin ka ce sun shiga gaisawa. Doka ɗaya ce kawai Malam Dikko ba ya wasa da ita.

Yakan ce, "Ƙara gishiri yadda kaka so. Amma kak ka ɗora ma mutum laihin da hoto bai ɗora mai ba, ko da kuwa Baturen cikin akwati na."

Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma wurin 'ya'yansa a Sakkwato, ya bar mini talabijin da bidiyo da kwalin kaset. Janaretansa ya riga shi tsufa, saboda haka ni da Yaya Ummaru muka haɗa kuɗin albasar fadamar mahaifinmu muka sayi wani, rabi nasa rabi nawa. Yaya Ummaru manomin albasa ne na gasken gaske, mutum mai kirki da taurin kai daidai wa daida. Bai taɓa son sana'ata ba. A ganinsa ƙato da ƙafafunsa ya zauna yana kwaikwayon muryar mata abin kunya ne, kuma ya sa hannu a janaretan ne kawai don mahaifiyarmu ta sa baki.

Shekarar da ta kusa kai ni ƙasa ta fara ne da ruwan farko mai ƙarfi. Ina Shagari, rufin ɗakin da nake ajiya a Boɗinga ya yi yoyo daidai kan kwalin kaset. Kafin in dawo in lura, funfuna ta cinye su fari fat. Na shanya su a rana, zaren ya nannaɗe kamar ganyen albasa busasshe. 'Yan Sin masu tashi sama, Indiyawa masu rawa a kan dutse, duk suka tafi. Kaset ɗaya ne ya tsira, shi ma don ba ya cikin kwalin. Yana ƙunshe a leda a ƙarƙashin ƙafar teburin talabijin, inda Malam Dikko ya tokare shi tun da daɗewa don teburin yana rawa. Na taɓa tambayarsa, ya ce wani tsohon fim ne na Ingila, babu kala, babu waƙa, babu dambe, kuma wanda ya kwafo shi zare ya ƙare masa kafin ƙarshe.

Da damina babu mai sayen sabon kaset, kowa hannunsa yana gona. Yaya Ummaru ya zo ya tsaya a kan tarin zaren nan.

Ya ce, "Bello, ni ba ni gardama da kai. Ran da anka yanke gero, janareta kasuwa za shi, mu sawo injin ban ruwa. Albasa ba ta shan fim, ruwa taka sha."

Ba ni da abin sayen rabinsa, kuma gaskiya yake faɗi. Na ce na ji. In janareta ya tafi, talabijin ya zama akwati, ni kuma na zama Bello kawai. Abin ya dame ni ƙwarai, amma kafin a yanke gero dole a ci abinci, sai na zaro kaset ɗin daga ƙarƙashin tebur na sa dutse a madadinsa.

Na kalle shi ni kaɗai har na haddace. Fim ne na talakawan Turawa, ana gani an san kuɗin masu shi bai taka kara ya karya ba. Wani tsoho mai shagon agogo aka kashe a cikin hazo, aka kwashe masa kaya, wata baƙar mota ta gudu. Sai wani ɗan sanda babba ya zo bincike, dogo, da kwat har gwiwa da malafa da lofe a baki. Na raɗa masa Sufeto Mai Malafa. Akwai matar mamacin, akwai wani saurayi da ya taɓa zaman kurkuku, kullum a guje yake, na sa masa Ɗan Tsere. Akwai kuma ma'aikacin shagon, siriri mai tabarau da ladabi, shi ne Akawu. Fim ɗin duka a ɗakuna uku ko huɗu aka yi shi, mutane su shigo su yi magana su fita. A can ƙarshe Sufeto ya tara kowa a falo, ya cire lofe, ya ɗaga yatsa zai nuna mai laifi. Daidai nan gilashin yake cika da yayyafi, sai shuuu. Ni kaina ban san wanda ya yi kisan ba.

A kasuwar Shagari na fara nuna shi. Na zuba gishiri iya ƙarfina, na ba Sufeto muryar hakimi mai mura, na ba Akawu muryar mai neman aure a gaban surukai. Jama'a suka bi ni tiryan-tiryan har yatsan nan ya tashi, sai shuuu. Rumfa ta kaure. Wannan yana cewa in mayar masa da kuɗinsa, wancan yana cewa na ɓoye sauran ne don su dawo. Wani ya ce in faɗi mai laifin kawai a tashi. Sunan Ɗan Tsere ya zo mini har bakin harshe, don shi ne mai sauƙi, amma na tuna Malam Dikko na haɗiye. Na ce hoto bai faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba.

Ana cikin haka sai Altine, wani direban bas mai jigila tsakanin Shagari da Boɗinga, ya miƙe daga baya.

"Kai Lasihika, dakata! Mai da shi baya, wurin da ɓarawo yag gudu."

Na mayar. Ya ce in tsayar da hoton, na tsayar.

"Ku diba ƙohwar baya. Ta lotsa ko ba ta lotsa ba?"

Aka ce ta lotsa.

"To kai mu wurin da Suhweto yas sabka."

Na tura gaba. Ga Sufeto yana fitowa daga baƙar mota, ga ƙofar baya a lotse, wuri ɗaya, lotsawa ɗaya. 

Altine ya ce, "Ina tuƙi tun ba a haihi rabinku ba. Motad da ɓarawo yag gudu da ita, ita ta wanga mutum yaz zo bincike da ita."

Ni na san masu fim ɗin mota ɗaya gare su, ko ta aro ce ma. Amma ba a tambaye ni ba, kuma hoto bai ce haka ba. Kafin in yi wani tunani sai ga muryar Inna Kulu daga bakin ƙofa. Tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a gefen rumfata, ba ta taɓa biyan ko sisi ba, ta ɗage tamfol take kallo tana juya ƙosai, kuma babu fim ɗin da ya wuce ba ta yanke masa hukunci ba.

Ta ce, "Ni tun da yash shigo nis san ba mutumin kirki na ba. An yi mutuwa gida, ka shigo ba sallama, ba 'ya haƙuri', malahwa bisa kai, ka hau buɗe ma mutane akwati? Mata tana takaba kana tsare ta da tambaya kana busa mata hayaƙi? Ku dibi Akawu, ɗan mutane. Shi yac cire hula, shi yak kawo mata shayi. Wanda yak kasa gaisuwar mutuwa, shi yas san abin da yay yi."

Babu wanda ya sake maganar a mayar masa da kuɗi. Har aka kira magariba ana mai da shi baya, kai shi gaba, tsaya nan. Ranar na koyi wani sabon aiki da Malam Dikko bai koya mini ba, wato in yi shiru in riƙe maɓalli.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai ƙauyuka cewa akwai fim ɗin da Bature ya kasa gamawa, ana neman masu hankali su gama masa. Aka fara aiko mini. A Horo Birni makiyaya suka ƙi zama, suna tsaye jingine da sanduna, su dai a nuna musu wurin da mai kisan ya ruga cikin hazo. Tafiyarsa suke dubawa. Wasu suka ce takun Sufeto ne, wasu suka ce wannan ƙafar ta fi tasa gajarta, suka yi ta yi har shanu suka fara kuka a bayan gari, aka tashi ba a daidaita ba. Na dawo da ƙwaryar nono da fura mai yawa. A Mandera kuwa wani dattijo manomi, wanda ko sau ɗaya bai buɗe baki ba tun da aka fara, ya nuna gilashin da sandarsa ya ce in koma shagon mamaci. A bangon shagon akwai wani agogo babba mai kan barewa a samansa. Ya ce to in kai su ofishin Sufeto. Ga agogon nan a bango, kan barewa da komai, har da ƙahon da ya guntule.

Dattijon ya ce, "Ko sadakar bakwai ba a yi ba, ya kwashe gado."

Daga ranar Sufeto Mai Malafa bai sake samun mai kare shi ba a ƙasar Shagari. In ya shigo falo sai ka ji ana tsaki, wani ma har ya jefi talabijin da ɓawon gyaɗa. Abin da nake samu bai wuce na cefane ba, don da damina rabin masu kallo da gyaɗa ko ƙwai suke biya. Amma rumfa tana cika, kuma gero yana ta fitar da kai, ina kallonsa a hanya ina tuna maganar Yaya Ummaru.

Wata ranar kasuwa sai ga Yaya Ummaru da kansa, karo na farko tun da na fara sana'a. Ya ce ya zo duba lafiyar janareta ne kafin a kai shi kasuwa. Ya zauna can gefe yana ɓata rai, amma na lura bai tashi ba. Da aka zo shuuu, jama'a suka fara jero laifin Sufeto kamar yadda aka saba, sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Akawu na."

Aka juyo ana kallonsa.

"Ni albasa nika saidawa. Dillalin da yah hi kowa dogon gaisuwa, shi ka danne maka buhu. Wanga ladabi nai ya yi yawa."

Rumfa ta fashe da dariya. Altine ya tambaye shi ko Akawu ne ya rataye agogo a ofishin 'yan sanda. Inna Kulu ta leƙo ta ce, "Ummaru, ashe yanzu mutunci laihi na? Allah shi kyauta zamani." Har yaran kasuwa suka samu abin yi, in ya wuce sai ka ji an ce ga lauyan Sufeto. Yayana mutum ne da zai yafe maka bashi amma ba zai yafe maka dariya ba.

Ban san ya fara zirga-zirga zuwa Sakkwato ba sai daga baya. Ya kwafi rubutun da ke jikin kaset ɗina a bayan kwalin ashana, ya bi masu sayar da kaset rumfa rumfa, har ya dace da wani tsoho da ke da fim ɗin cikakke a ƙasan kanta, tsohon ya yi murna ma da aka raba shi da shi. Ana saura kaɗan a fara yankan gero ya zo mini da shi a aljihun babbar riga.

Ya ce, "Ran kasuwar Shagari za ka sa shi. Kowa shi ga ƙarshe, magana ta mutu, kai ko ka huta da wahala."

Na ce ya ba ni in duba tukuna, don mai fassara ba ya shiga fim a makance. Ya ce ba zai bar aljihunsa ba sai a gaban jama'a, wai kada in yi masa jan farce.

Ranar ko tamfol bai rufu ba saboda mutane. 'Yan Mandera sun zo, 'yan Horo Birni sun zo da sandunansu, Altine ya ajiye bas ya ƙi lodi. Na sa sabon kaset, muka bi fim ɗin har falo. Sufeto ya cire lofe, ya ɗaga yatsa. Wannan karon babu shuuu. Yatsan ya juya a hankali ya tsaya a kan Akawu.

Ku da kuke cewa surutu ne, ga inda sana'ar take. Ban taɓa ganin wurin nan ba, Turawan suna magana da sauri, idona yana kan fuskokinsu, kunnena yana tsintar abin da ya samu, bakina kuma dole ya riƙa tafiya ba tare da ya san inda za shi ba. Kuma na tsorata, don na san da bakina nake rufe rumfata. Da na ga dama sai in ce Akawu yana rantsuwa ne ana tilasta masa, babu mai kama ni, jama'a ma haka suke so su ji. Amma hoto ya nuna Sufeto ya buɗe gwangwanin ganyen shayi ya zazzage agogunan hannu a kan tebur, ya nuna Akawu ya cire tabarau ya sunkuyar da kai. Sai na ba shi muryarsa ta ladabi na ce, "Ni na kashe shi. Na gaji da ƙirga dukiyar wani." Aka sa shi a baƙar mota mai lotsattsiyar ƙofa. Sufeto ya koma ofis, ya kunna lofe, ya ɗaga kai ya dubi agogo mai kan barewa. Rubutu ya hau.

Yaya Ummaru ya miƙe yana gyara riga, fuskarsa kamar an ce albasa ta yi tsada.  Can sai Altine ya ce, "Lasihika, sun yi bayanin mota?"

Na ce, "Ba su yi ba."

Dattijon Mandera ya ce, "Agogo hwa?"

Na ce, "Ba su ambace shi ba."

Sai Inna Kulu ta saki tamfol ta tafa hannu. "Allah sarki, Akawu, marar gata! Ashe can ma haka a kai? Babba shi yi, a kama ƙarami. Wa yab buɗe gwangwanin? Shi Suhweto. Wa yas san mi ac ciki? Shi Suhweto. Kuma kun ga yadda yad dubi agogo nai da anka gama?"

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, "Hakanan na, Inna!"

Yaya Ummaru ya ce, "Jama'a, ya amsa da bakinai! Kun ji Bello ya hwaɗi!"

Altine ya ce, "Wa ba ya amsawa in Suhweto yat tsare shi cikin ɗaki?"

Wani daga Horo Birni ya ƙara da cewa shi ma ya lura wannan kaset ya fi wancan haske, alama ce an sake wanke maganar kafin a kawo. Yayana ya dube su ɗaya bayan ɗaya, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya juyo gare ni, shi da ya ce sana'ata abin kunya ce.

"Bello! Mai da shi hwarko. Yau sai sun gani."

Na mayar. Magariba ta raba mu, kasuwa ta gaba aka dawo, da ta gabanta. Ƙarshen da aka kawo don ya kashe magana sai ya raba gari biyu, don Yaya Ummaru ya fara samun mabiya, yawanci 'yan kasuwar da dillalai suka taɓa cuta. Na koma nuna fim ɗin zama biyu. In tsayar daidai yatsa a yi shari'a, sannan in saki ƙarshen a ɗaukaka ƙara.

Aka yanke gero. Alkawari alkawari ne, saboda haka na wanke janareta, na juye masa sabon baƙin mai, na ɗora shi a amalanke na tura har ƙofar gidan Yaya Ummaru. Zuciyata ba daɗi ko kaɗan. Ya fito yana sakace, ya dubi injin, ya dube ni.

"Ina za ka da shi?"

"Kasuwa, Yaya, yadda munka yi."

"In sai da shi, Altine shi ce na gudu? Kulu ta ce na ji kunya? Mai da shi inda kaɗ ɗauko shi. Ba a sai da janaretan ga sai sun yarda Akawu na."

Ranin nan da guga yayana ya shayar da albasarsa, rijiya zuwa fangali, har tafin hannunsa ya tsage. Duk ranar da babu kasuwa ina can tare da shi muna ja, kuma ko sau ɗaya bai yi mini gori ba. Maganarsa ɗaya ce daga safe zuwa yamma, yadda za a ce mutum ya ga gwangwanin shayi da idonsa ya tsaya yana zancen mota. Da yake kaka ta yi kyau na sayi sababbin kaset masu kala, da albasa ta fito muka sayi injin ban ruwa, amma ko a lokacin in na sa 'yan Sin sai wani ya ce a taɓa musu Sufeto kafin a tashi.

Inna Kulu ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta, ta tafi tana kan bakanta. Rumfar ma babu ita, waya ta cinye mu. Amma bayan maganar abokin nan nasa, Nasiru ya karɓi tsohon kaset ɗin ya buga sunan a wayarsa, sai ga shi ya samo abin da masu sharhin jaridun Ingila suka rubuta a kan fim ɗin a zamaninsa. Ɗan guntun rubutu ne. A yadda ya fassara mana, sun ce an yi shi a gaggauce da kuɗi kaɗan, ba abin da za a tuna ba ne, har suna ba'a cewa mota ɗaya ce ke aikin ɓarayi da na 'yan sanda, agogo ɗaya kuma ake yawo da shi ɗaki ɗaki. Ashe su ma sun ga motar, sun ga agogon. Kallo ɗaya suka yi masa suka wuce, ni kuwa ya ciyar da gidana damina guda.

Yaya Ummaru, da yanzu sai da sanda yake tafiya, ya sa aka ɗauko masa Altine a Keke Napep tun daga Shagari, aka zaunar da shi a bencin shagon, Nasiru ya sake karantawa daga farko.

Yayana ya ce, "To ka jiya. Talauci na, ba sata ba. Mota guda ag gare su."

Altine ya tauna goro da sauran haƙoransa. Sannan ya ce, "Jaridar wane gari ta?"

Nasiru ya ce, "Ta can Ingila, Baba."

"Garin su Suhweto ke nan."

"I."

Altine ya ce, "To."

Samarin shagon suka kwashe da dariya, har da mai cewa surutu ne, yana tambaya wai wane agogo ake nufi, a nuna masa. Yaya Ummaru bai yi dariya ba. Ya dafa sandarsa ya juyo gare ni.

"Bello, janaretan ga shina tashi har yanzu?"

Na ce yana tashi.